Shekarar da Baba Ya Noma Doya

Ruwan bana ya yi mana rowa a Dapaong. Hadari zai taso daga wajen Mandouri, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da zufa. Geron manoman ƙabilar Moba bai wuce gwiwa ba, masara kuwa kullum ƙara tsada take. Ana cikin haka motocin kudu suka fara shigowa da sabuwar doya, shekaranjiya kuma 'yata Habiba ta dawo daga kasuwa da guda uku, fuska a murtuke. Ta ce an cuce ta. Sai da ta iso gida ta lura duk ukun ba su da kai, an datse su sumul da wuƙa, ita kuwa ta tabbata ruɓa ce mai doyar ta yanke don ta ɓoye. Har ta ɗauki mayafi za ta koma.

Ba a ƙasa Habiba ta tsinci wannan hali ba, a nono ta sha shi. Duk unguwarmu an san Hajiya Rakiya mai hatsi. Ba na karɓar buhu sai na zura hannu har gindinsa, in baƙo ya cika gaisuwa kuma sai in fara laluben inda na ajiye mabuɗi. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko ruwan Zamzam aka kawo mini sai na sansana. Amma da na ɗauki doyar nan na juya ta na ga yankan, sai na ce Habiba ta ajiye mayafinta ta zauna. Na san wannan yanka tun ina da shekara goma sha ɗaya, kuma ba a banza na san shi ba.

A Zongon Sokode aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya gaji da bin jakuna a hanyar goro. Baba, Malam Idi, ya gaji cinikin goron. Inna tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yansu, Yaya Sale da ni, shi ya sa aka sangarta mu ba kaɗan ba. Ban san wani abu wai shi damuwa ba. Da safe ƙamshin man ƙosai ne ke tashe ni, in sha koko har cikina ya yi tam, in sa kaki, in rataya jakar tsumma mai ɗauke da allon lakwal, wato makarantar boko, da guntun alli, in biya wa ƙawata Fusena, 'yar ƙabilar Kotokoli, mu tafi muna tsokanar awakin mutane. Babbar fargabata a duniya ita ce wani ƙashin akuya da mushe, malamin ajinmu, yake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa ko Kotokoli a aji. Ni kuwa bakina ba ya rufuwa, sai da ƙashin nan ya kusa zama sarƙata. In an fita hutu mu sayi wake da shinkafa a ganye, mu ci da hannu muna kallon maza suna buga ƙwallon lemo. Da yamma makarantar allo, in ruwa ya sauko kuma mu tuɓe mu shiga ƙarƙashin indararo, Inna na zagi muna dariya.

Duk ranar kasuwa akwai wani tsoho da ke sauka gidanmu daga Kparatao, ƙauyen da ke can bayan gari. Sunansa Burema, mu muna ce masa Kaka, Baba kuma yana ce masa Baba. Mahaifinsa ne ya fara saukar da kakanmu a zamanin fatauci, ya ba shi ɗaki da wurin ɗaure jakuna, tun daga nan gidajen biyu suka zama ɗaya. Dogo ne, ba ya yawan magana, Hausarsa kuma irin ta Kotokoli ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Yakan cire hularsa ya zazzage mini gyaɗa daga ciki, ya ce, "Rakiya, ka ci, ka yi ƙato." In yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Sai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke masara tana fitar da gemu. Abinci ya yi wuya tun kaka ba ta wuce ba. A shekarar ne kuma cinikin goro ya juya wa Baba baya, kaya suka ruɓe masa sau biyu a hanya, abokan ciniki suka koma wajen masu manyan motoci. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa riƙe fartanya ba ya wayi gari ya ce zai yi noma. Inna ta dube shi ta dubi hannuwansa.

Kaka Burema ya ara masa wata fadama a bakin rafi kafin a shiga ƙauyen. Iri ma shi ya ba shi. Wata farar laboko ce, irin doyar nan mai saurin nuna da ake yabo wajen sakwara, ya ce tun zamanin ubansa ake juya ta a gidansu, ba wanda yake da irinta a ƙauyen. Farin da aka yi ya kashe masa ita a gonar tudu. Ɗan abin da ya tsira ya kwaso duka, ya ce a sa a fadamar nan tunda ita ce ke riƙe laima. In Allah ya kai mu, Baba ya ci doya, shi kuma ya karɓi irinsa. Baba ya ce to, Allah ya saka da alheri. Bai tambayi yadda ake cin doya kuma a fitar da iri ba, don ɗan kasuwa ba ya son a gane bai sani ba.

Ranar da aka yi gayyar tulin ƙasa ba zan manta da ita ba. Samarin Kparatao suka jeru da manyan garemani, suna waƙa suna sara, kowane ya ɗaga ƙasa sau biyar shida sai ga tuli ya tashi har ƙugunsa. Baba ya shiga layi da babbar rigarsa a naɗe. Kafin ya gama ɗaya, na kusa da shi ya yi huɗu. Suka yi ta yi masa tsiya wai Bahaushe ya zo auna ƙasa da mudu, shi ma yana dariya, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ni da Inna muka dafa musu dawa da wake. Da sanyi ya shigo aka binne irin, aka ɗora wa kowane tuli busasshiyar ciyawa da ɗan hoge a kai, wai hula ce don kada rana ta dafa shi. Daga nan sai jira.

Jiran nan shi ne ya koya mini zargi. Bazara ta shigo da zafin da ko inuwar mangwaro ba ta maganinsa. Rijiyarmu ta ja baya, sai an haɗa igiya biyu guga ya taɓa ruwa, abin da zai fito kuma ja ne. Inna ta daina koko, don hatsin da za ta jiƙa ya fi ƙarfinta. Tuwon masara ya koma tuwon kokonte, garin busasshen rogon nan mai baƙi da warin rumbu, miya kuwa kuka ce da daddawa, ba nama, ba cukun wagashi, ba ko kan kifi. Daga ci uku muka koma biyu, daga biyu muka koma ɗaya da rabi. Garin yana cikin wata babbar roba a ɗakin Inna. In ta ɗebi na rana sai ta shafe saman sumul, ta danna tafin hannunta a kai, yatsu biyar ras, ta rufe. Da safe ta buɗe ta duba ko hannun yana nan yadda ta bar shi. A gidan da ba a taɓa kulle komai ba, sai ga mabuɗi a bakin zanen Inna.

Kowa ya koma kallon bakin kowa. In Yaya Sale ya shigo yana lasar leɓe, sai Inna ta kira shi ta ce ya hura mata iska. In maƙwabta suka soya albasa, sai a yi ta tambayar ina suka samu. Kazarmu ta daina ƙwai, Inna ta rantse ba dainawa ta yi ba, a wani gidan take zubawa kuma an san gidan. Ni ma na iya. Na san yawan lomar da kowa yake kaiwa baki, na san Yaya Sale ya fi ni da biyu. A lakwal mushe yana rubutu a allo, ni ina kallon aljihun yaran da na san gidansu ana dafa shinkafa.

Ruwa ya sauko a kan kari. Ƙasa ta yi ƙamshi, fadamar ta yi kore shar, doya ta kama sandunan da aka kafa mata ta hau. Amma wanda ya yi noma ya sani, lokacin da gona ta fi kyau a ido shi ne lokacin da ciki ya fi zama wayam. Duk maganar gidanmu ta koma kan laboko. Inna tana cewa in ta fito za ta daka mana sakwarar da za mu ci har mu kasa tashi. Baba yana zuwa duk Lahadi da kekensa, Yaya Sale yana zuwa cire ciyawa. Ana nan wani direba abokin Baba ya ce ya zo su hau Dapaong da ɗan goron da ya rage masa, ko Allah zai sa a dace. Ya tafi da niyyar kwana huɗu, mota ta lalace musu, ya yi mako biyu.

A cikin makon na biyu ne, ranar wata Talata, Fusena ta ce kaɗanya tana zuba a dajin Kparatao. Ana shirin jarrabawar ƙarshen shekara, amma cikina ne ya amsa mata. Muka ɓoye jakunkuna a bayan wani kango muka bi 'yar hanyar ƙafa, raɓa tana jiƙa mana kaki. Muka sha kaɗanya har haƙoranmu suka yi danƙo, mai zaƙi da mai tsutsa duk ba mu bari ba. Da na ƙoshi sai alfahari ya motsa, na ce ta zo in nuna mata gonarmu. Ta tsaya ɗaure 'ya'yan kaɗanya a ɗankwali, ni na yi gaba.

Daga bayan wani kurmi na hango shi. Kaka Burema ne durƙushe a gaban tuli, a tsakiyar gonarmu, ga kwando a gefensa. Ya tone gefen tulin da wani itace a hankali, ya zura hannu, ya zaro wuƙa daga ƙugunsa, ya yi yanka ɗaya. Sai ga doya fara doguwa kamar damtsen mutum. Ya sa ta a kwando. Abin da ya tsayar mini da numfashi shi ne abin da ya yi bayan nan: ya mayar da ƙasar, ya daddanna da tafin hannu, ya shafe, ya gyara ganyen da ke kan sanda, har tulin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ya matsa na gaba. Na tuna hannun Inna a kan gari. Na ce a raina, ashe haka ake yi.

Wani ƙirare ya karye a ƙarƙashin ƙafata. Ya ɗago, muka haɗa ido. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba.

"Rakiya," ya ce, yana yafito ni da hannun da ke riƙe da wuƙar. "Yarinya, ka zo."

Na juya na zura a guje. Na ji ya sake kira sau biyu, ban waiwaya ba. Fusena ta biyo ni tana tambaya, na ce maciji na gani.

Kwana uku ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. In na faɗa, tambayar farko ita ce me ya kai ni Kparatao ranar Talata da hantsi, kuma na san bulalar mushe da ta Baba. In na yi shiru, ana cinye mana sakwara a gona. Duk abin da tsohon nan ya taɓa yi mini sai ya canja kama a idona. Gyaɗar cikin hula ta zama toshiyar baki. Shirunsa ya zama shirun macuci. Aron gonar ma na gane dabararsa: ya sa Baba ya yi wahala, shi ya kwashe. Ina da shekara goma sha ɗaya, amma na yi masa shari'a na gama, ban bar masa ko ƙofa ɗaya ba.

Baba ya dawo ranar Alhamis da ɗan ƙullin gero. Juma'a da sassafe ya ɗaura kwando a keke, ya ce yau za a ci sabuwar doya. Inna ta wanke turmi ta kife. Kafin a kira salla sai ga shi ya dawo, kwando wayam, a hannunsa wani dunƙulen abu mai saiwoyi. Ya ajiye shi a tsakar gida. Kan doya ne, an yanke jikin an bar shi. Ya ce tuli biyar ya tona a jere, duk haka ya tarar, ganye kore a sama, ƙasa ba komai. Gonar tana kafin ƙauyen, shi ya sa bai ko ƙarasa gidan Kaka ba, zuciya ta juyo da shi.

Aka shiga lissafin ɓarawo. Inna ta ce shanun Fulani, Baba ya ce saniya ba ta yawo da wuƙa. Ta ce to masu wucewa ne, ya ce ɓarawon hanya fizga yake ya gudu, ba ya tsayawa gyaran tuli. Wanda ya yi wannan yana so ne a daɗe ba a gane ba, kuma ya san mai gonar ba ya gari. Yana faɗin haka idonsa ya sauka kan Yaya Sale. Shi ne ke zuwa gonar shi kaɗai. An kuma gan shi a tasha yana cin wake da shinkafa har da taliya, labari ya riga ya iso kunnen Inna. Ya rantse dako ya yi wa wani direba, ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin kakanmu. Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ban tsoro. Bayan la'asar ya kira shi ya ce in magariba ta yi bai faɗi wanda ya sayar wa ba, ya tattara kayansa ya nemi wani uban.

Na ga Yaya Sale, ƙato da shi, yana naɗe tabarmarsa hawaye na zuba. A nan na ce ni na ga wanda ya yi.

Da na ambaci sunan, Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Ke, kin san wanda kike kira kuwa?" Na ba da labari tiryan-tiryan, itacen, wuƙar, kwandon, shafe ƙasar. Baba ya sa na maimaita sau uku. Bai ko tambayi zancen lakwal ba. Tambaya ɗaya ya ƙara.

"Ya gan ki?"

"A'a, Baba."

Har yau ban san abin da ya sa na ce a'a ba. Wataƙila na ji tsoron a ce dattijo ya kira ni na ƙi zuwa, wanda a gidanmu ya fi gudun lakwal girma. Wataƙila kuma na ji in na faɗi kiran, labarina zai rage daɗi.

Inna ta ce wa Baba ya je ya sami Kaka su yi magana. Baba ya ce da wane bakin? Mutumin da yake matsayin ubansa, ya dube shi ya ce ka yi mini sata? Gara ya kwashe abin da ya rage ya bar shi da Allah. Kunya ce ta hana shi tambaya, kunyar kuma ba ta hana shi zargi ba.

Asabar muka tafi mu huɗu. An yi ruwa da yammacin Juma'a, ƙasa ta yi laushi, rana kuma ta fito da irin zafin nan na bayan ruwa mai sa tururi ya tashi daga ciyawa. Tunda ba a gane tulin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, Baba ya ce a bi su duka. Yaya Sale yana sare ganye da adda yana tuge sanduna, Baba yana fasa tuli, ni da Inna muna tsincewa. Inda aka sami doya, yawanci ƙanana ne da ba su gama ƙosawa ba, mu sa a kwando. Inda aka sami kai kaɗai, Baba ya fizge shi da saiwoyinsa ya yi jifa da shi bakin hanya. Kafin rana ta take, gonar da ta yi wata da watanni tana kore ta koma kamar wurin da aladu suka kwana, ganye ya yi laushi a ƙasa, kawunan doya sun taru a rana.

Saura layi biyu muka ji sandarsa. Kaka Burema ya tsaya a bakin gonar, ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya ɗauki kai ɗaya ya juya shi. A jikin yankan akwai wasu 'yan ƙululu farare kamar ƙwan zabuwa, sun fara fitowa. Ni ma na gan su tun da safe, na ɗauka ciwo ne.

"Idi," ya ce, "me ka yi?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, na zo kwashe abin da aka bar mini ne."

Na ga lokacin da maganar ta isa inda aka aike ta. Tsohon ya ajiye kan doyar. Ya juya ya nufi wata ɗorawa a gefen rafi, ya yafito mu, muka bi shi. A gindinta akwai tarin ganye. Ya sa sandarsa ya yaye. Rami ne mai faɗi, an shimfiɗa ciyawa, ga doyarmu a jere, manya manya, fari tas, an shafa wa kowane yanka toka.

A tsaye ya yi bayanin, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce laboko sau biyu take haihuwa. In ta ƙosa sai a yanke jikin a ci, a bar kan a cikin ƙasa da ganyensa, a rufe. Kan nan shi zai sake fitar da 'ya'ya ƙanana, su ne irin baɗi. Yankan yana da lokacinsa, in ya wuce ya wuce. Ya ga Baba bai dawo ba, lokaci yana tafiya, shi ya sa ya bi waɗanda suka ƙosa ya yanke. Bai kai gari ba don a wajensu doyar farko mai gona ne ke ɗauka da hannunsa ya shigar gidansa. Ko ɗaya bai taɓa ba.

Baba ya durƙusa a bakin ramin. Hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsohon.

"Baba, me ya hana ka aiko mini?"

Kaka Burema ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, kallo ne kawai, irin wanda yake yi mini in zai zazzage gyaɗa. Ya san ranar Talata ce, ya ga kaki a jikina, ya san abin da ke jiran yarinyar da ta gudu daga lakwal. Bai san na riga na sayar da shi ba.

"Ban ga kowa ba," ya ce. "Da na ga wani, da na aiko."

Ya koma bakin hanya ya fara tsince kawunan nan ɗaya ɗaya yana mayarwa cikin ƙasa, mu ma muka taya shi, amma an riga an sare ganyen, saiwoyi sun tsinke, rana ta sha su. Shi ma ya san aikin banza muke yi. Da muka gama Baba ya ce ba zai ɗauki doyar ba. Kaka ya ce ya ɗauka, yara suna jin yunwa. Shi da kansa ya ɗora mini kwando a ka.

Inna ta daka sakwarar da ta yi alkawari. Zan so in ce ta ƙi wuce mini a maƙogwaro, amma ƙarya ne, na ci har na siɗe kwano, yunwa ba ta san kunya ba. Ban taɓa cin doya irinta ba, laushi, danƙo, da wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe. Ita ta riƙe mu har masara ta nuna. Baba kuwa yakan kai loma biyu ya wanke hannu.

Da rani aka tona layi biyun da suka tsira, ba a taɓa yanka su ba, kuma lokacin yankan ya wuce a cikin rikicin. Abin da aka samu bai kai iri ba, ɗan da Kaka ya gwada binnewa ya ruɓe. Labokon gidansu ta ƙare a hannunmu. Baba ya je ba da haƙuri da goro har sau biyu, an karɓa, an yi gaisuwa, an rako shi bakin hanya. Amma ranar kasuwa ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ba mu ji sandarsa a zaure ba. Shekara na zagayowa Baba ya kwashe mu zuwa Dapaong, ya ce kasuwa ta fi a nan. Bai sake riƙe fartanya ba, bai kuma sake yarda a ambaci Kparatao a gabansa ba. Yana ganin laifinsa ne shi kaɗai, har ya koma ga Allah.

Habiba ta saurare ni har na gama, doyar a cinyarta. Can ta tambaye ni ko Baba ya taɓa sanin an kira ni. Na ce a'a. Inna ma ba ta sani ba, Yaya Sale ma haka, ita ce ta fara ji. Ta tashi ta fere doyar, ba ruɓa ko ɗigo, wani manomi ne can kudu ya bar kanta a ƙasa don baɗi.

Muka daka da yamma, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Na kai loma na juya ta a baki, yadda nake yi duk shekara in sabuwar doya ta shigo, ko Allah zai sa wani ya tsira da irin a wani wuri. Ta yi daɗi, amma ba ita ba ce. Shekara arba'in da ɗoriya ina zura hannu har gindin buhun mutane don kada a cuce ni, alhali mutumin da na fi cuta a duniya kirana kawai ya yi. Taku ashirin ne, kuma ban je ba.